Yadda Furotin Ke Lanƙwasa Tantanin Ƙwayar Halitta

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wata fata mai laushi, wadda a nan za mu kira tantani, kamar na kalangu. Wasu kan kira ƙwayar kanta tantani, amma a ganina wannan yana rikitar da ɗalibi, gama abin da aka naɗe daban ne da abin naɗewa.

Shi wannan tantani maiƙo ne ruɓi biyu, kamar yadda Gorter da Grendel suka nuna a ƙasar Holan cikin 1925. Kaurinsa bai wuce wajen nanomita 5 ba, watau kashi 5 cikin miliyan na milimita. In an bar shi, ba ya son lanƙwasa mai tsanani. To, ga shi kuwa ƙwaya ba ta haɗiye wani babban abu sai tantaninta ya loɓa ciki, ya zama 'yar jaka, sa'an nan jakar ta tsinke. Wa ke wannan aiki? Furotin ne.

Cikin 1964 Roth da Porter suka ga irin waɗannan ramuka a ƙwan sauro, kowanne da wata riga a bayansa. Barbara Pearse ta Kambirij ita ta ware furotin ɗin rigar, ta sa masa suna kilatirin. Ƙafa uku gare shi, in sun taru sai su saƙa kwando mai gida-gida, wasu kusurwa biyar wasu shida, kamar ɗinkin ƙwallo.

Amma kwando kaɗai bai isa ba. Akwai wasu dabaru biyu, kuma Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabe su ba. Ta fari, wani furotin da a ke kira BAR siffar jinjirin wata gare shi, kamar yadda McMahon da abokan aikinsa suka bayyana cikin 2004. Cikin lanƙwasarsa akwai cajin lantarki mai jawo maiƙon, sai tantani ya manne masa ya bi siffarsa. Wannan tanƙwarawa ce, don kuwa abu mai ƙarfi ne ya tilasta wa mai laushi. Ta biyu ta fi ban sha'awa. Furotin irin su efsin su kan cusa ɗan reshensu cikin ruɓi ɗaya kaɗai, tamkar ɗan itacen da a ke cusawa a tsaga. Ruɓin nan ya faɗaɗa, ɗan'uwansa bai faɗaɗa ba, dole tantani ya lanƙwashe da kansa. Lalle malami ya kiyaye da wannan bambanci, kada ya ce "tanƙwara" a inda "lanƙwashe" ta dace.

Saura tsinkewa. Wannan aikin dainamin ne, wanda ke naɗe wuyan jakar ya tsuke shi har ya yanke. Akwai wani ƙudan 'ya'yan itace da a ke kira shibire, wanda dainamin ɗinsa ke tsayawa in zafi ya kai wajen digiri 30. Nan take jakunkunan jijiyoyinsa su maƙale, ƙudan ya shanye. In an mai da shi wuri mai sanyi, sai ya tashi.