Tarihin Kamfanin Caesars: Yadda Mai Sayen Kamfanoni Ya Koma Abin Sayarwa

A shekarar 1937 ne William Harrah ya buɗe wani ɗan ɗakin wasan bingo a garin Reno na jihar Nevada, a ƙasar Amurka. Wannan ɗaki shi ne tushen Harrah's, kamfanin gidajen caca da daga bisani ya shiga sahun mafiya girma a duniya.

Bayan mutuwar Harrah a 1978, kamfanin otal-otal na Holiday Inns ya saye shi a 1980. Sai a 1995 ya tsaya da ƙafarsa da sunan Harrah's Entertainment, kuma tun daga nan ya duƙufa wajen haɗiye abokan hamayyarsa. Ya sayi Showboat a 1998, Rio a 1999, sannan Horseshoe a 2004. Babban cinikin ya zo a 2005, lokacin da ya mallaki kamfanin Caesars a kan kuɗi fiye da dala miliyan dubu 9, har da basussukan da ke kansa. Sunan abin da ya saya ya fi nasa kwarjini, don haka a 2010 ya ajiye nasa ya ɗauki na Caesars.

Sai dai kafin nan an riga an tafka kuskuren da ya durƙusar da shi. A watan Janairun 2008 kamfanonin zuba jari na Apollo da TPG suka saye shi a kan kimanin dala miliyan dubu 30, akasarinsu rance ne, kuma aka ɗora wa kamfanin nauyin biya. Cikin 'yan watanni tattalin arzikin Amurka ya karye, baƙi suka ragu a Las Vegas, kuɗin ruwa kuwa bai san an yi ba. A watan Janairun 2015 babban reshen kamfanin ya nemi kariyar kotu da bashin kimanin dala miliyan dubu 18. Da aka kammala shari'ar a 2017, filaye da gine-gine masu yawa sun koma hannun masu bin bashi ta wani sabon kamfani, VICI, Caesars ya zama ɗan haya a gidajen da a da mallakarsa ne.

A watan Yulin 2020 Eldorado Resorts, wani kamfani da bai kai shi girma ba, wanda shi ma asalinsa garin Reno ne, ya saye shi a kan kimanin dala miliyan dubu 17, ya kuma riƙe sunan Caesars. A wannan shekarar ce aka rufe gidan cacar Harrah's da ke Reno.