Mai Gina Shafin Intanet: Aikinsa, Kuɗinsa da Hutunsa

A ziyarar da muke kai wa ƙungiyoyin adashe a Gwandu da Kalgo, akwai tambayar da iyaye ke yawan yi mana. Yaro ya gama makaranta, yana wuni a ɗaki gaban kwamfuta, ya ce yana gina shafin intanet. Wani watan ya sayo buhun shinkafa, wani watan kuwa sai ya roƙi kuɗin data. Shin wannan sana'a ce, ko zaman banza ne, ko kuwa abin da zai jawo wa gida abin kunya?

Amsarmu ita ce, sana'a ce ta gaskiya kamar ɗinki ko gini. Amma kuɗinta irin na manomi ne, ba irin na mai albashi ba. Tana da kaka, tana da bazara. Wanda ya gane haka zai daɗe a cikinta. Wanda bai gane ba zai sayar da kwamfutarsa kafin shekara ta zagayo.

Mene ne aikin?

Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989. A Nijeriya wayar salula ta fara bazuwa a 2001, yanzu kuma yawancin mutanenmu ta waya suke buɗe shafi.

Gina shafi yana kama da gina shago. Da rubutun da ake kira HTML ake jera tubali, wato kanun magana, hotuna da bayani. Da CSS ake yin yaɓe da fenti. Da JavaScript ake sa ƙofofi da makullai, domin in mutum ya danna wuri wani abu ya faru. Da yawa suna amfani da WordPress, wanda aka fito da shi a 2003, domin ya zo da harsashin ginin a shirye.

Shago yana bukatar fili da suna. Filin shi ne wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, haya ake biya. Sunan kuwa shi ne adireshin da mutane ke rubutawa su sami shafin. Shi ma haya ne, kowace shekara ake sabuntawa. Ran da aka daina biya, shafin ya ɓace.

Su wa ke ba shi aiki?

Matasanmu suna koyon wannan aiki a Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da Jami'ar Jihar Kebbi da ke Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta kuma yana Kalgo. Waɗansu sun bi ta shirin koyar da matasa miliyan 3 aikin fasaha da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023. Waɗansu kuwa da kansu suka koya a waya. Mata ma suna ciki, aikin ya dace da mai son sana'ar cikin gida.

A kusa, masu ba da aikin su ne makarantun kuɗi, ƙananan asibitoci, ƙungiyoyin manoma, da dillalan shinkafa da albasa masu neman ciniki a Legas ko Abuja. Amma ba su da yawa. Mai sayar da atamfa a kasuwar Gwandu, WhatsApp da Facebook sun ishe ta, mai gaskiya kuma zai faɗa mata haka. Saboda haka yawancinsu sukan haɗa da waɗansu ayyuka, kamar tsara katin biki, gyaran kwamfuta, da cika wa mutane takardun neman aiki. Wanda ya ƙware yakan nemi aiki daga nesa ta dandali irin su Upwork da Fiverr, inda ake biya da dala, amma can yana gasa ne da matasan Indiya da Pakistan.

Yadda yake wuni

Da safe yakan duba ko shafukan da ke hannunsa suna buɗewa, ya amsa saƙonni. Sa'an nan ya bi masu aiki ya karɓo hotuna da farashi da bayani. Nan ne lokaci ya fi tafiya, gama shugaban makaranta zai iya riƙe aikin mako biyu a kan hoto ɗaya.

Rubutun kansa yana son natsuwa. Waƙafi ɗaya in ya ɓace, shafi zai iya ƙin buɗewa, a yi awa uku ana nemansa. Bayan ya gama, sai ya gwada a ƙaramar waya mai arha, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, domin irin wayar da mutanenmu ke riƙewa ke nan. In shafin na Hausa ne, sai ya tabbata haruffan ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai. Da yawa sukan yi aikin da dare, lokacin da gari ya yi sanyi, yara kuma sun yi barci. Ke nan in kun ga ya makara da safe, ba lallai lalaci ba ne.

Kuɗin da ke fita

Mutane suna ganin abin da ya shigo, ba sa ganin abin da ya fita. Abu huɗu ke cin kuɗinsa: wuta, data, hayar shafi, da kayan aiki.

Dukansu sun yi tsada. Kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Dala tana wajen naira 460 a banki a farkon Yuni 2023, amma a Fabrairu 2024 ta wuce naira 1,500. A Janairu 2025 kuma hukumar sadarwa ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wanda ya yi wa makaranta alkawarin farashi a 2022, yana kuma biyan hayar shafin da dala, daga aljihunsa ya riƙa cikawa.

Akwai dabaru biyu na rage wannan. Adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, da naira ake biyansa. Ƙaramar sola da batir kuma, ko da yake akwai tsada ran saye, sun fi janareta sauƙi a kan lokaci.

Rumbun mai kwamfuta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da muke koya wa matasa, kusan daidai da abin da muke koya wa manoma:

• A karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran ran da aka miƙa aiki.
• A rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce: me za a yi, gyara sau nawa, wa zai biya sabuntawa.
• A yi rajistar adireshi da sunan mai shafin. Shagonsa ne, ba na magini ba.
• A raba asusun sana'a da na cefane.
• A yanka wa kai albashi na wata, kada a wuce shi ko da an sami babban aiki.

Ga misali. A ce an biya shi naira 200,000. Zai fara cire hayar shafi da adireshi na shekara, domin wannan amana ce, ba riba ba. Abin da ya rage ya kasa shi uku: kashi ɗaya na gida, ɗaya na data da wuta da canjin kwamfuta, ɗaya kuma ya shiga rumbu. Burinsa shi ne ya tara abin da zai riƙe shi wata uku ba aiki. Adashe yana taimako, amma ya ɗauki zubin da zai iya biya a watan da babu ciniki.

Iyaye da dangi suna da nasu aikin a nan. In an ji yaro ya sami kuɗi, sai bukatun biki da suna su taso gaba ɗaya. Taimakon dangi wajibi ne, amma kada a cinye iri. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sanin kwamfuta kuma ba ya hana a cuci mutum. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, masu ilimi da yawa suna cikin waɗanda suka yi asara. Cacar ƙwallo da bashin waya mai kuɗin ruwa ma suna nan a cikin wayar da yake aiki da ita.

Hutu ma yana cikin aiki

Zama wuri ɗaya yana kawo ciwon baya da wuya da gajiyar ido. Likitocin ido sukan ba da shawara, bayan kowane minti 20 mutum ya ɗaga kai ya dubi abu mai nisa na daƙiƙa 20. Hutun da ya fi amfani shi ne wanda zai raba shi da allo: buga ƙwallo da yamma, dara a gindin bishiya, kiwon tantabaru ko kaji, ko ɗan lambu a fadama. Kiwo da lambu har sukan toshe ɓarakar watan da babu aiki. Waɗansu sukan rubuta tarihin garuruwansu a Wikipedia ta Hausa, ko su koya wa yaran unguwa kwamfuta ran Asabar. Sau da yawa a irin wannan cuɗanya ake samun mai ba da aiki na gaba.

Yadda iyaye za su bambanta

Tsoron iyaye yana da dalili. Damfara ta intanet laifi ne a dokar 2015, hukumar EFCC kuma tana kama masu yi. Ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku gane. Ku ce ya buɗe muku shafin da ya gina. Ku tambayi sunan mai shi da abin da yake sayarwa. Mai aikin gaskiya zai nuna da murna. Amma in kuɗi masu yawa suna shigowa ba aikin da za a nuna, ko yana neman aron asusun banki ko lambar BVN ta ƙannensa, to a zauna da shi tun da wuri.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Waɗanne sana'o'i ne a garinmu ke bukatar shafi, waɗanne ne kuma WhatsApp ya ishe su?
2. Wane wata ne matasanmu masu wannan aiki suka fi shiga matsi? Yaya za mu tsara zubin adashe ya dace da su?
3. Akwai ɗaki mai sola da matasa uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su yi aiki a ciki?
4. Wa zai zauna da su wata-wata ya koya musu rubuta shiga da fitar kuɗi?