Ranar da Rediyon Baba Ya Yi Shiru

Mahaifina mutumin gajeren zango ne. Wata rana da azahar yana zaune a zaure yana jin labarai, sai muryar mai karantawa ta dusashe, ta ɓace, ba abin da ke tashi sai shuuu. Ya cire batir ya ɗan cije shi ya mayar, ya ja eriya, shiru. Can bayan kamar rabin awa magana ta dawo da kanta. Sai da na girma na san rana kan yi wa rediyo irin wannan aika-aika.

Rana ba dunƙulen dutse ba ce, iskar gas ce mai tsananin zafi, kuma ba bai ɗaya take juyawa ba. Tsakiyarta kan zagayo cikin kwana 25, samanta da ƙasanta kuwa sai wajen kwana 35. Wannan saɓanin ke murɗa layukan maganaɗisunta, kamar yadda mai tufka ke murza igiya a cinya. Inda murɗin ya yi yawa, nan baƙin tabo ke fitowa a fuskarta. In abin ya kai maƙura sai layukan su tsinke su sake haɗewa, ƙarfin da ya daɗe yana taruwa ya fashe cikin 'yan mintoci, zafin wurin ya haura digiri miliyan 10. Tartsatsin rana ke nan, kuma yakan yawaita duk bayan kimanin shekara 11.

Haskensa kan iso mu cikin minti 8, ya hargitsa can ƙololuwar iska, inda gajeren zango ke karo ya dawo ƙasa. Ɓangaren duniyar da rana ke haskawa ne kaɗai rediyonsa ke ɗaukewa. Ina so a bambance: ba shi ke kawo zafin bazara ba, iskar da ta lulluɓe duniya tana tare mana cutarwarsa.

Babbar ɓarnar tana cikin gajimaren burbushi da rana kan watso tare da shi wani lokaci. Ran 1 ga Satumba 1859, Richard Carrington yana zana tabon rana a Ingila ya ga farin haske ya ɓullo, ya ɓace cikin kamar minti 5. Kafin awa 18 gajimaren ya iso. Sama ta yi ja cikin dare har Kyuba, wayoyin tangarahu suna feshin wuta, lantarki yana fizgar ma'aikata. A Maris 1989 irinsa ya ɗauke wutar lardin Kebek na Kanada, mutum miliyan 6 suka yi awa 9 babu lantarki, ga tsananin sanyi.