Ciwon Daji: Idan Likita Ya Ce A Koma Gida, Wa Zai Ɗauki Nauyin?

A majalisun Fagge da shagunan Sabon Gari a Kano, da zarar an ji likita ya ce a koma gida da mai ciwon daji sai surutu ya tashi. Wasu su ce an ga aljihun dangi ya bushe ne, wasu su ce an cire rai. Nan take iyali su rabu biyu: masu cewa a sayar da shago a ci gaba da zama a asibiti, da masu cewa a dawo gida tunda gida kyauta ne. Duka biyun akwai gyara.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna 'yan Najeriya fiye da 120,000 ne ke kamuwa da daji a shekara, kusan 80,000 kuma na rasuwa. Yawancinsu sai ciwo ya ci jiki suke zuwa asibiti, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihu yake fita. Asusun tallafin masu daji da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021 ya fara ne da dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza kaɗai, a asibitoci shida, mafi kusa da mu shi ne na Shika, Zariya.

A asibiti kuɗi na tafiya a gado, gwaje-gwaje, ƙarin jini, iskar numfashi, abincin masu jinya da adaidaita sahu safe da yamma. Idan ciwon ya bazu, yawancin wannan ɗawainiya ba ta mayar da shi baya.

To amma gida ma da nasa kuɗin. Kamar a sauke kaya daga mota ne a ɗora wa ɗan dako: nauyin yana nan, mai ɗauka kawai aka canza. Mai ɗaukar kuwa mace ce, matar gida ko 'ya, wadda za ta ajiye sana'arta. Ita ce mai juya majinyaci duk bayan awa biyu don kada gyambo ya fito masa a ƙugu, ita ce mai wankin zannuwa, ita ce mai jin nishinsa har asuba. Idan zafi ya tsananta sai a ruga kemis a sayo tiramadol ko allurar da ba a san asalinta ba, ko a zuba dubbai wa mai maganin da ke rantsuwa a lasifika cewa zai warkar da daji.

Abin takaici, maganin wannan zafi yana da araha: ruwan mofin na sha, wanda likita ke rubutawa. Mutane na gudunsa wai yana gaggauta ajali, alhali idan an bi ƙa'idar awo, hutu yake bai wa majinyaci ya yi barci, ya yi salla, ya bar wasiyya. Wani bincike a Boston ta Amurka a 2010 ya gano masu dajin huhu da aka fara kula da raɗaɗinsu da wuri sun ɗan fi sauran tsawon kwana. A Yuganda, inda Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar irin wannan jinya a 1993, kyauta ake ba da ruwan mofin, kuma tun 2004 nas-nas da aka horar suna da ikon rubuta shi. A Ibadan ma ma'aikatan asibitin koyarwa na bin majinyata har gida.

Kano ta gina cibiyar daji a Giginyu, madalla. Saura nas mai shiga lungu da magani a jaka, wanda kuɗinsa bai kai na na'ura ɗaya ba, ya kamata hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, KSCHMA, ta sa shi cikin tsarinta.

Kafin nan, duk wanda za a sallami nasa daga Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, kada ya fita sai ya tambayi likita abu uku: wane maganin zafi za a ba shi, ina ake samun na gaskiya, kuma wace alama ce za ta sa a dawo da gaggawa. Maza kuma su karɓi kwanan jinya, kada a bar wa mata su kaɗai.