Kwalba Marar Suna: Haɗarin Sinadarai a Ɗakin Gwaje-gwaje

Ɗakin gwaje-gwaje, wanda jama'a ke kira lab, wuri ne da sinadarai masu ƙuna da masu guba da masu kama wuta ke zaune a kanta ɗaya. A arewacin Jigawa ana samun irin wannan ɗaki a asibitocin Gumel da Maigatari, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da makarantun sakandare masu koyar da kimiyya har zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, inda ɗalibai ke haɗa asid da soda don shirin jarrabawar WAEC da NECO. Ba masana kaɗai ke shigarsa ba. Akwai mai shara, da masinja, da ɗalibin da ya zo koyon aiki, kuma sau da yawa su ne ba a yi wa bayanin komai ba.

Sinadari yana shiga jiki ta numfashi, ko ta fata da ido, ko ta baki. Wani nan take yake nuna kansa: asid mai ƙarfi ko sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, da sun taɓa fata za a sani. Wani kuwa a hankali yake cin mutum. Fomalin, da ake adana nama da shi kafin a duba, tun 2004 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Metanol, da ake amfani da shi wajen rina jini don duba zazzaɓin cizon sauro, kamar ruwa yake a ido, amma kaɗan daga cikinsa na iya makantar da wanda ya sha. Jan rinin da ake zuba wa kaki wajen gwajin tarin fuka yana da fenol, wanda ke ratsa fata ya kashe jin zafin wurin, har mutum ya ƙone bai farga ba.

Yanayin yankin yana ƙara wa lamarin nauyi. Sinadarin eta, da ake amfani da shi wajen gwajin bahaya, yana tafasa a kusan digiri 35, alhali zafin bazara a Maigatari yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Ke nan kwalbar da aka bari a bakin taga tana iya tafasa ba tare da an ɗora ta a wuta ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, sai ya kwanta ya bi saman tebur har ya riski 'yar fitilar da aka kunna a can ƙarshe don gasa gilashin gwaji, wuta ta biyo shi baya zuwa kwalbar. Sa shi a firjin gida ma ba mafita ba ne, domin tartsatsin da makunnin firjin ke yi ya isa ya tayar da gobara, musamman idan an ɗauke wuta ciki ya ɗumame sannan aka maido. Firjin da ake ajiye kayan gwaji kuma ba wurin sanyaya zoɓo ko ruwan leda ba ne, komai tsananin ƙishi.

Don a daina dogaro da sa'a, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsari ɗaya na bayyana haɗarin sinadarai, wanda ake taƙaitawa da GHS, aka fara buga shi a 2003. Yana da alamomi 9, kowacce baƙin zane a farin fili, cikin jan murabba'i da ke tsaye a kan kusurwarsa. Harshen wuta na nufin abin yana kamawa. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye na nufin guba mai saurin kisa. Ruwan da ke ɗiga yana cin hannu da ƙarfe na nufin mai ƙuna. Wadda aka fi yi wa gurguwar fahimta ita ce ta mutum mai tauraro a ƙirji, wadda ke nuna cutar da ke zuwa daga baya, kamar kansa ko lalacewar huhu. Akwai kuma wuta a kan zobe, alamar sinadarin da ke ƙara wa wuta ƙarfi, wanda bai kamata ya kwana kusa da mai kamawa ba. Ƙarƙashin alamar akan rubuta Danger idan haɗarin babba ne, ko Warning idan bai kai haka ba. A garin kan iyaka kamar Maigatari, inda kaya ke shigowa daga Nijar da rubutun Faransanci, za a ga Attention a madadin Warning, amma zanen ba ya canzawa. Amfanin zanen ke nan.

Kowane sinadari kuma yana da takardar bayanin kariya mai sassa 16. Sashe na 4 yana faɗin taimakon gaggawa, na 7 yadda ake riƙewa da ajiyewa, na 8 kayan kariya, na 10 kuma abin da ba a haɗa shi da shi. Takardar da ke kulle a durowar shugaban sashe ba ta da amfani ga wanda asid ya fallatsa wa a ido da ƙarfe biyun dare.

Duk wannan tsari yana rushewa ne a lokacin da aka juye sinadari daga mazubinsa na asali. Ana sayo jarka babba, a ɗiba a gorar ruwa ko ta lemo, a ce ai kowa ya sani. Wanda ya zuba ya tafi hutu ko an yi masa canjin wurin aiki, gorar ta zama ba mai shaidarta. Abin da ya faru a Kano a 2021 ya isa misali, ko da yake ba a lab ya faru ba: ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da wani farin gari da aka sayar a matsayin ɗan tsami, daga baya hukumar NAFDAC ta sanar cewa wani sinadari ne dabam mai guba. Ido ba ya bambance farin gari da farin gari. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka juye a rubuta masa suna, da ƙarfinsa, da ranar da aka haɗa, da sunan wanda ya haɗa, kafin a ajiye shi. Wanda aka tarar ba suna, ba a shinshinawa, ba a ɗanɗanawa, ba a zubarwa a kwata. A keɓe shi a sanar da shugaban ɗakin.

Mai shara ya fi kowa shiga haɗari. Shi ke riƙe da Hypo ko Jik, kuma idan ya zuba shi a kwatamin da aka zubar da ragowar asid, iskar kulorin ke tashi, ta shaƙe shi a ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda ƙurar hunturu. Gargaɗin da aka manna da Turanci bai isa gare shi ba. Dole a gaya masa da Hausa, baki da baki, a kuma rubuta a bango da boko da ajami idan da hali.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Asid ake zubawa a ruwa a hankali, ba ruwa a asid ba, don kada ya tafasa ya yi tsalle. Ba a zuƙo sinadari da baki. Safar hannu da tabarau da farar riga da rufaffen takalmi wajibi ne, kuma a tattare hannun babbar riga da bakin hijabi kafin a kusanci wuta. Idan abu ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, wanda ke nufin a tanadi ruwa a ɗakin ko da famfo ya ɗauke. Wanda ya haɗiyi asid ko soda kuwa, al'adar ɗura masa manja don ya yi amai kuskure ce, domin abin zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. A garzaya da shi wurin likita, a tafi da kwalbar ko hoton takardar da ke jikinta.