Ƙuri'a Amana Ce: Tunatarwa Daga Tambuwal Da Kebbe

Yankin Tambuwal da Kebbe ba baƙo ba ne a fagen mulki. Bayan jihadi, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal. A zamaninmu kuma, Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci mazaɓar a Majalisar Wakilai daga 2003, ya zama kakakinta a 2011, sannan gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023.

Sai dai manyan muƙamai sukan ɗauke mana hankali daga kujerun da suka fi kusa da gidajenmu. Asibitin sha-ka-tafi, makarantar firamare, kasuwa da hanyar da manomi ke fito da amfanin gonarsa, duk ƙaramar hukuma tana da hannu a cikinsu. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ke nan haƙƙinmu ne mu tambayi ciyaman da kansila abin da ya shigo da inda ya tafi.

Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta umarce mu da mayar da amana ga masu ita. Ƙuri'a shaida ce cewa wane ya cancanta. Wanda ya sayar da ita a kan taliya ko turmin atamfa ya yi shaidar zur, kuma iyalinsa ne za su ɗanɗana kuɗarta.

Magidanta da ɗalibai, mu rubuta alkawuran masu neman ƙuri'armu, mu bibiye su bayan zaɓe. Allah Ya ba mu shugabanni adalai.