Barkono ba ya ƙona harshe, jijiya yake yaudara

Duk wanda ya taɓa tauna attarugu cikin miya ba da niyya ba ya san abin da ke biyo baya: gumi ya tsattsafo a goshi, majina ta zubo, hannu ya kai ga kofin ruwa. Amma da za a auna zafin bakin a wannan lokacin, ba za a tarar ya ƙaru ba. Wani sinadari ne mai suna kafsaisin ya taɓa jijiyar da aikinta shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa wuta ta taɓa jiki.

A jikin waɗannan jijiyoyi akwai wata 'yar ƙofa da masana ke kira TRPV1. Takan buɗe idan zafi ya kai wajen digiri 43. Kafsaisin yana buɗe ta ko babu wuta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka gobara ce, ta aiko da gumi don sanyaya jiki. David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinsa ne suka gano wannan ƙofa a 1997, kuma da kafsaisin ɗin suka bi sawunta. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2021, tare da Ardem Patapoutian.

Mata da yawa kan zubar da 'ya'yan barkono don rage yaji. Yajin ba a cikin 'ya'yan yake ba, yana cikin farin naman da suke maƙale a jikinsa, shi ya kamata a kankare. Ruwa kuma ba ya taimako, domin kafsaisin a mai yake narkewa, ruwa yawo kawai yake yi da shi a baki. Nono ko kindirmo ne maganinsa, saboda maiƙonsu da wani furotin mai suna kasin da ke kwashe sinadarin daga harshe. Wadda hannunta ke raɗaɗi bayan jajjage ta shafa man gyaɗa, sannan ta wanke da sabulu.

Tun 1912 Wilbur Scoville ya ƙirƙiro ma'aunin yaji. Dangin attarugu kan kai 100,000 zuwa 350,000, tsantsar kafsaisin kuwa kusan miliyan 16. Ita shukar ba don miyarmu ta tanadi wannan makami ba. Tsuntsaye ba sa jin yajin, sai su ci su watsa irin a nesa, ɓeraye masu tauna 'ya'yan kuwa yaji ya kore su. Asalin barkono ma nahiyar Amurka ne, ya iso Afirka bayan tafiyar Kolombos ta 1492, galibi ta hannun 'yan Fotugal. Kafin nan da masoro da kimba da citta kakanninmu suke yaji.

Abin da ya fi damuna shi ne laifin da ake ɗora wa barkono kan gyambon ciki. Da zarar mutum ya ce yana jin zafi a ƙirji, sai a ce masa ya bar yaji, shi ke nan. Gaskiya ne yaji kan tayar wa mai olsa da ciwo, kuma wanda ya ga yana wahalar da shi ya rage. Amma manyan masu haddasa gyambon su ne ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka samu Nobel a kanta a 2005, da kuma magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen. Ga lebura ko manomi da ke haɗiyar waɗannan ƙwayoyi kullum bayan aiki, sau da yawa ciki babu komai, barin yajin tsire ba zai cece shi ba. Ƙwayar cutar kuwa ana gano ta da gwaji, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna cikin kamar mako biyu.

Likitoci ma sun mai da wannan yaudara ta kafsaisin magani. Idan aka yawaita taɓa jijiyar da kafsaisin, takan gaji ta daina kai saƙon ciwo na wani lokaci. Da haka ake yin man shafawa na ciwon gaɓoɓi, da wata filasta mai kafsaisin kashi 8 cikin 100 da ake liƙa wa masu raɗaɗin jijiya a asibiti, tasirinta kuma kan ɗauki kusan wata uku.